Masu Farautar Libarbar da Ba Ta Taɓa Shiga Kasuwa Ba

Kalmar libarba tana cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci tun zamanin mulkin mallaka, ta lanƙwasa ta har ta zauna daram a bakinmu. A harshen masu ita, ma'anarta abin da ke juyawa, saboda a tsakiyar wannan ƙaramar bindiga akwai 'yar ganga mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da nasa harsashi, kuma duk lokacin da aka ɗana sai gangar ta juya ta kawo sabon rami daidai gindin bututu. A Amurka, inda wannan makami ya girma ya yi suna, akwai dubban mutane da suka mayar da tara tsofaffin libarba abin sha'awa, wasu ma sana'a. A cikinsu kuma akwai wani ƙaramin rukuni na masu kuɗi da haƙuri, waɗanda ba su damu da bindigar da masana'anta ta ƙera dubu-dubu ta sayar wa soja da makiyaya ba. Abin da suke farauta shi ne ƙirar gwaji, wato wadda maƙeri ya ƙera guda ɗaya tak, ko biyu, don a ga ko tunanin da ke kan takarda zai yi aiki a jikin ƙarfe. Da yawa daga cikin irin waɗannan ba su da lamba, ba su da ado, wasu ko harbi ɗaya ba a taɓa yi da su lafiya ba.

Ni ban mallaki ko guda ba. Dokar ƙasarmu da aljihuna sun haɗa kai sun raba ni da wannan buri tun kafin ya tsiro. Abin da nake tarawa shi ne kundayen da gidajen gwanjo na can suke bugawa kafin ranar ciniki, masu hotuna manya-manya da bayanin kowace bindiga dalla-dalla, da kuma zane-zanen takardun mallakar fasaha na ƙarni na 19, waɗanda yanzu kowa zai iya saukewa daga intanet. Shekarun da na yi ina koyar da zanen injiniya su suka ja ni wajen. Bindigar da ta kammala, aka goge ta aka shafe ta da shuɗi, ba ta gaya maka komai game da wahalar da aka sha. Ƙirar gwaji kuwa kamar allon ɗalibi ce da ba a wanke ba. Za ka ga ramin da aka huda a inda bai dace ba aka toshe shi, za ka ga sawun magagari, za ka ga wurin da maƙerin ya sauya shawara aiki yana tsaka.

Duk mai son ya fahimci wannan harka sai ya fara da Samuel Colt, wanda aka haifa a garin Hartford na jihar Connecticut a 1814. Labarin da aka fi yayatawa shi ne, yana ɗan shekara 16 ya shiga wani jirgin ruwa mai suna Corvo da ya nufi Kalkata, a hanya ya sassaƙa 'yar ganga da sauran sassan bindiga da itace. Gutsattsarin itacen da ake danganta wa wannan tafiya suna nan a ajiye a Hartford, kuma in ana maganar ƙirar gwaji su ne kakannin kowa. Sai dai ba Colt ne ya fara tunanin ganga mai juyawa ba. Maƙeran Jamus sun ƙera irinta tun ƙarni na 16, kuma wani mutumin Boston mai suna Elisha Collier ya yi rajistar tasa a Landan a 1818, mai tashi da dutsen ƙyastu, wadda akasari da hannu ake juya gangarta. Abin da Colt ya ƙara shi ne haɗa motsi biyu su zama ɗaya: in ka ja 'yar gudumar bindigar baya da babban yatsa, wani ɗan ƙarfe zai tura gangar ta juya, wani kuma ya kulle ta cak a daidai inda ake so. Da wannan ya sami takardar mallaka a Ingila a 1835, sannan a Amurka ranar 25 ga Fabrairun 1836.

To amma Colt ba maƙeri ba ne. Mutum ne mai baki, mai dabarar talla, wanda ya san yadda ake shiga ofishin manya. Da farko wani maƙerin Hartford, Anson Chase, shi ya ƙera masa samfuran farko, kuma an ruwaito cewa ƙaramar bindigar da aka fara gwadawa tarwatsewa ta yi. Don ya sami kuɗin ci gaba da gwaji, Colt ya laƙaba wa kansa sunan Dakta Coult, ya riƙa yawo gari-gari a Amurka da Kanada yana shaƙa wa 'yan kallo iskar nan mai sa dariya, ana biyan kuɗin shiga. Yayin da yake can yana wasan dandali, a birnin Baltimore akwai wani mutum mai suna John Pearson yana duƙe a kan teburin aiki daga 1834 zuwa 1836, yana mayar da zanen Colt ƙarfe. Wasiƙun da Pearson ya riƙa aika masa sun tsira, kuma kusan duk kuka ne a kan kuɗi: ladan da bai zo ba, kuɗin hayar shago, kayan aikin da ya saya daga aljihunsa, da barazanar zai ajiye aikin.

Na daɗe ina tunanin wannan mutum. Duk wanda ya taɓa miƙa wa mai juya ƙarfe zane ya san akwai rami mai zurfi tsakanin takarda da abin da zai fito. Zane zai ce ganga ta juya ta tsaya daidai bututu. Ba zai faɗi yawan ratar da za a bari tsakaninsu ba, wadda in ta yi yawa wuta ta fita ta gefe, in ta yi kaɗan tokar albarushi ta cushe ta gangar ta ƙi motsi. Ba zai faɗi taurin da ɗan ƙarfen mai turawa yake bukata don kada ya cinye bayan harbi hamsin ba. Wani ne zai zauna ya yanke waɗannan hukunce-hukunce ɗaya bayan ɗaya, ya ɓata ƙarfe, ya sake. A shekarun nan biyu Pearson ne wannan wanin. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Colt ya mutu a Janairun 1862 yana da shekara 47, yana cikin manyan attajiran Amurka. Pearson ya koma yankin Arkansas ya ci gaba da gyaran bindigogin mutane. Ba ina nufin Colt ɓarawo ne ba, domin tunanin nasa ne, nacin ma nasa ne, kuma da ba don bakinsa ba da abin ya mutu a shagon Baltimore. Amma in ba don masu bin diddigin ƙirar gwaji ba, da sunan Pearson ya bi ruwa, tunda babu bindigar kasuwa ko ɗaya da ke ɗauke da shi.

Akwai wani darasi da samfuran farkon nan kaɗai suke iya koyarwa. Libarbar wancan zamani ba ta da harsashi irin na yau. A kowane rami ana zuba albarushi ne ta gaba, a danna dunƙulen dalma, sannan a ɗora 'yar hular tagulla mai tayar da wuta a baya. A wasu samfuran farko an rufe gangar da faifan ƙarfe don tsari da kyan gani. Sai ya zamana faifan yana tare tartsatsi ya watsa shi zuwa ramukan maƙwabta, bindiga ta tashi da baki biyu ko uku a lokaci guda a hannun mai ita. Maganin da aka samu shi ne a cire faifan, a gina 'yan katangu tsakanin hulunan a bayan gangar. Colt da kansa ya yi bayanin wannan matsala a gaban ƙungiyar injiniyoyi a Landan a 1851. Wanda ya riƙi libarbar kasuwa zai ga 'yan katangun nan ya ɗauka ado ne. Sai ya ga wadda ba ta da su, mai faifan rufi, sannan zai gane dalilinsu.

Kamfanin farko da aka kafa a Paterson, jihar New Jersey, a 1836, bai yi tsawon rai ba, ya durƙushe a 1842. Dakarun sa-kai na Texas ne suka farfaɗo da Colt. Sun yi amfani da libarbarsa mai harbi biyar a kan ƙabilar Comanche a 1844, kuma da yaƙin Amurka da Meziko ya ɓarke, ɗaya daga cikinsu, Kyaftin Samuel Walker, ya nemi a ƙera wadda ta fi girma da ƙarfi. A lokacin Colt ba shi da masana'anta, har ana ba da labarin ya nemi tsohuwar bindigarsa ko guda ya rasa. A masana'antar Eli Whitney ƙarami, ɗan wanda ya ƙirƙiro injin gurzar auduga, aka ƙera guda 1,100 a 1847, dubu na soja, ɗari na farar hula. Nauyin kowace ya kai kimanin kilo 2. Gangunan da yawa sun fashe saboda ƙarfen bai kai ƙarfin albarushin da ake ɗura musu ba, kuma sandar danna dalma takan faɗo ta cije gangar in an yi harbi. Walker kansa an kashe shi a Meziko a Oktoban wannan shekara. A ganina wannan bindiga ƙirar gwaji ce da aka buga sau 1,100, aka gwada ta a hannun sojoji, sannan aka gyara kurakuranta a wadda ta biyo baya. 'Yan kaɗan ne suka rage, kuma a 2018 gidan gwanjo na Rock Island ya sayar da ɗaya daga cikin na farar hula, a cikin akwatinta na asali, a kan dala miliyan 1.84.

Labarin da ya fi ba ni mamaki a wannan fage shi ne na Rollin White. Ma'aikaci ne a masana'antar Colt, kuma a Afrilun 1855 ya sami takardar mallaka a kan wata libarba mai sarƙaƙiya da ba ta taɓa yin aikin kirki ba. Amma a cikin bayanan takardar akwai magana guda da ta fi bindigar duka daraja: a huda ramukan gangar su fita har baya, yadda za a iya zura harsashi ta can. An ce ya nuna wa Colt, Colt ya yi watsi da ita. A daidai lokacin Horace Smith da Daniel Wesson suna da harsashin tagulla wanda ya haɗa albarushi da dalma da abin tayar da wuta a jiki ɗaya, kuma ba su da hanyar sa shi a libarba sai ta ramin da ya fita baya. A 1856 suka ƙulla yarjejeniya da White: su kaɗai za su yi amfani da fasahar, za su ba shi santi 25 a kan kowace bindiga, shi kuma zai ɗauki nauyin kai duk wanda ya kwaikwaya kotu. A 1857, shekarar da wa'adin takardar Colt ya ƙare, suka fito da 'yar ƙaramar libarbarsu mai harbi bakwai.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya cinye White. Masu kwaikwayo suka yi yawa, abin da ya samu ya riƙa tafiya wajen lauyoyi, su Smith da Wesson kuwa suna ta tara dukiya. Da wa'adin takardarsa ya ƙare a 1869 ya nemi ƙari aka hana shi. Majalisa ta zartar da dokar da za ta ba shi damar a sake duba batun, Shugaba Ulysses Grant ya ƙi sa hannu a farkon 1870, bisa ƙorafin shugaban sashen makamai na soja cewa takardar White ta takura wa gwamnati lokacin yaƙin basasa. Abin dariya kuma, a Faransa Lefaucheux ya riga ya yi rajistar libarba mai gangar da aka huda har baya tun 1854.

Ga masu tara kayan tarihi, wannan taƙaddama ta zama gona mai albarka. Shekara goma sha biyu kowane maƙeri a Amurka yana neman hanyar sa harsashin tagulla a libarba ba tare da ya huda ramin har baya ba, don kada White ya maka shi a kotu. Moore ya ƙera harsashi mai ɗan tsiro a gindi kamar kan nono, ana zura shi ta gaba, tsiron ya leƙo ta 'yar ƙaramar kafa. Plant ya yi mai gindi kamar ƙoƙo. Slocum ya yi ramuka masu hannun riga da ake zamewa gaba a sa harsashi ta gefe. Kamfanin Colt ma, wanda mai shi ya raina tunanin tun farko, ya koma yana fama da wata dabara ta Alexander Thuer a 1868, mai harsashin da ake cusawa ta gaba. Ba wata matsalar ƙarfe ko ta albarushi waɗannan ƙere-ƙere suke warwarewa ba, lauya kawai ake gudu. Duk sun mutu da zarar takardar White ta mutu, kuma bayan kowace da ta shiga kasuwa akwai wasu da suka tsaya a teburin gwaji. Nakan nuna wa ɗalibai zanensu in ina so su ga cewa siffar na'ura ba kullum daga ilimin injiniya take fitowa ba.

Mai karatu zai tambaya, ta yaya abin da aka ƙera guda ɗaya shekara 170 da suka wuce yake faɗowa hannun ɗan kasuwa? Babbar hanya ɗaya ita ce ofishin rajistar fasaha da ke Washington. A yawancin ƙarni na 19, duk mai neman takardar mallaka sai ya kawo ɗan samfurin abin da ya ƙirƙira, wanda bai wuce inci 12 ta kowane gefe ba, girman da libarba takan shiga ba wuya. Gobarar Disambar 1836, wata goma bayan Colt ya karɓi takardarsa, ta cinye samfura kimanin 7,000. Wata gobarar a 1877 ta lashe kimanin 87,000. A 1880 aka daina tilasta kawo samfur, sauran kuma suka zama kaya a wuyan gwamnati, ana biya musu kuɗin ajiya. A 1925 majalisa ta ba da izinin a rabu da su. Cibiyar Smithsonian ta zaɓi wasu, aka mayar wa iyalai wasu, ragowar kuma aka yi gwanjonsu. Attajirin magungunan nan Henry Wellcome ya saye su da niyyar gina gidan tarihi, ya mutu a 1936 bai gina ba, akwatunan suka shiga hannun 'yan gwanjo, suka watse a duniya. Sauran hanyoyin su ne jikokin ma'aikatan masana'anta da suka tsinci wani abu a akwatin kaka, da kamfanonin da suka karye aka sayar da ɗakin samfuransu.

A nan ne harkar take da haɗari. Bindigar kasuwa tana da lamba, kuma in an yi sa'a littafin masana'anta zai nuna ranar da aka tura ta da wanda aka tura wa. Kamfanonin Colt da Smith & Wesson sun daɗe suna ba da wasiƙar shaida a kan haka in ka biya. Ƙirar gwaji ba ta da lamba sau da yawa, ba ta shiga littafin ciniki ba tunda ba a sayar da ita ba, sannan gobarar da ta ci masana'antar Colt a Fabrairun 1864 ta tafi da takardu da samfura masu yawa. Duk alamomin da ake gane ƙirar gwaji da su, wato rashin lamba, rashin gogewa, sassan da ba su yi kama da na kowa ba, su ne kuma alamomin bindigar da wani gwani ya harhaɗa jiya a bayan gidansa da tsofaffin sassa. Jabun bindigar kasuwa sai ya yi kama da dubban 'yan'uwanta kafin ya wuce, jabun ƙirar gwaji kuwa ba shi da 'yar'uwar da za a gwada shi da ita. Saboda haka masu harkar suka dogara da salsala, kamar yadda malaman hadisi suke bin isnadi: wa ya samu daga wa, a wace shekara, da wace takarda. In na buɗe kundin gwanjo nakan tsallake hoton in fara da wannan jeri. In ya fara daga wani sanannen mai tarawa na shekarun 1950 ba tare da ya faɗi inda shi ya samo ba, to shekara ɗari ta ɓace a tsakiya, kuma ruwayar ta zama mai rauni komai kyan ƙarfen. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a wannan ƙaramar duniya, wanda ya rubuta littafin da ake kafa hujja da shi, da wanda ake biya ya ba da shaida, da dillalin da zai ci la'ada, sau da yawa mutum ɗaya ne.

Farashi ma yana da nasa abin lura. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, don haka cinikinta ya fi na sabuwa sauƙi, kasuwar kuma ta buɗe. Amma abin da kasuwar ta fi biya shi ne jini da suna. A Agustan 2021 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da libarbar da Pat Garrett ya kashe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita a 1881 a kan sama da dala miliyan 6. Bindiga ce ta kasuwa irin wadda aka ƙera dubbai, ba ta da wani sabon tunani a jikinta ko ɗaya. Darajarta duka a kan dare ɗaya take da gawa ɗaya. In aka kwatanta da wannan, mai neman ƙirar gwaji ya fi kusa da malami, domin tunani yake saye. Wannan ne ya sa nake ganin girmansu fiye da sauran masu tarawa.

Duk da haka ba zan yi kamar ban san ga wa nake rubutu ba. A cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda suka kwana a daji saboda ƙarar bindiga, akwai waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa. Wanda ya ga haka yana da hakkin ya ce sha'awar makami, ko da tsoho ne mai tsatsa, alama ce ta wanda bai taɓa jin ƙararsa a ƙofar gida ba. Ban ɗauki wannan magana da wasa ba, kuma tarihin libarba kansa yana goyon bayanta. A jikin gangar bindigar Walker an zana hoton faɗan dakarun Texas da 'yan Comanche, wato tallar makamin ita ce mutanen da aka kashe da shi aka ƙwace ƙasarsu. Har yau kundayen gwanjo suna auna kashi nawa cikin ɗari na wannan zane ya rage, kuma kowane kashi yana ƙara farashi, ba tare da an tsaya an ce komai game da waɗanda ke cikin hoton ba. Tun a 1838 Colt ya kai bindigoginsa Florida ya sayar wa sojojin da ke yaƙar ƙabilar Seminole, kuma gab da yaƙin basasa ya sayar wa Kudu ya sayar wa Arewa. Cewa ƙirar gwaji ba ta kashe kowa ba gaskiya ce, amma gaskiya ce ƙarama, domin ita ce uwar waɗanda suka kashe. Abin da nake iya cewa shi ne, rufe ido daga yadda aka ƙera abu ba ya rage ɓarnarsa, kuma hanyoyin da Colt da shugaban masana'antarsa Elisha Root suka bi wajen ƙera sassa masu kama da juna da injuna suna cikin waɗanda suka gangaro zuwa keken ɗinki da keken hawa da mota. Wanda yake son ya fahimci yadda Amurka ta zama ƙasar masana'antu ba zai iya tsallake kwarin kogin Connecticut da maƙeran bindigarsa ba, ko yana so ko ba ya so.

Inda na fi samun saɓani da masu tarawa shi ne a kan mallaka. Libarbar da aka ƙera dubu ɗari, kowa ya saya ya rataye a ɗakinsa, babu wanda ya yi asara. Wadda guda ɗaya ce a duniya kuwa takarda ce ta tarihi da aka rubuta da ƙarfe, kuma in ta shiga akwatin ƙarfen wani attajiri ta kwana shekara talatin, duk mai bincike a wannan tsawon lokaci sai ya yi haƙuri da hoto ɗaya da bayanin dillali. Matar Colt, Elizabeth, wadda ta sake gina masana'antar bayan gobarar 1864, ta bar tarin mijinta ga gidan tarihi na Wadsworth Atheneum da ta rasu a 1905, kuma a 1957 tarin masana'antar ya koma gidan tarihin jihar Connecticut. Saboda waɗannan kyaututtuka biyu ne ɗalibi zai iya zuwa Hartford ya tsaya a gaban aikin hannun Pearson. Da son raina ne, da duk wata ƙirar gwaji ta ƙare a irin wannan wuri.

Sai dai masu tarawa suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Gwamnati ce ta bar samfura suka ƙone har sau biyu, ita ce kuma ta yi gwanjon ragowar a 1925 kamar tsummokara. Mutane masu zaman kansu ne suka tsince su, suka goge, suka rubuta littattafai a kansu. Gidan tarihi ma ba kabari ne mai aminci ba: a wajajen ƙarshen shekarun 1970 an yi musayar bindigogi da dama daga tarin Colt na jihar Connecticut da dillalai masu zaman kansu, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce da binciken hukuma daga baya. Sannan yawancin abin da gidajen tarihi suka mallaka yana ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, inda babu mai ganinsa, alhali mai tarawa yakan ɗauki nasa ya kai taron baje koli ya bar mutane su duba.

Saboda haka matsayata ba ta kai ta hana ciniki ba. Wanda ya sayi ƙirar gwaji ya riƙe abinsa, amma ya bari a kwance ta a gaban masani wanda ba shi da la'ada a cinikin, a auna kowane sashe, a ɗauki hoton ciki da waje, a buga sakamakon inda kowa zai samu, tare da salsalarta da duk giɓin da ke cikinta. Dillalai ba za su so wannan ba, domin wasu bindigogin da aka saya da tsada za su faɗi jarrabawar. Kuma ina so gidajen gwanjo su sauya yadda suke rubuta kanun bayani. A yanzu sunan mai kamfani ne ke sama da manyan haruffa, sunan wanda ya riƙe magagari kuwa, in ma an san shi, sai ka gangara cikin sakin layi kafin ka same shi. A samfuran Baltimore na 1834 zuwa 1836, sunan John Pearson ya kamata ya zo a layi ɗaya da na Samuel Colt, da haruffa masu girma ɗaya.